Ƙaurar Kwamfutar Ma'azu

A gwanjon wani biro ya saye ta,
shekara tara ke nan.
Ya kawo ta bisa kabu-kabu,
rungume a ƙirji kamar ɗan tunkiya.
Shi ya bi motar Agadas, bai dawo ba.
Ita tana nan a zaure,
in rana ta gasa duwatsun Damagaram
sai ta yi ta nishi,
ta ɗauke numfashi ana tsakar aiki.

Tasi'u mai gyara, can Kasuwar Dole, ya ce:
"Ba tsufa ba ne, ƙunci ne.
Sake mata gida."
Jaka goma sha biyu, bayan dogon ciniki:
baƙin akwati, tagar gilas, fanka uku.

Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma,
na ari murfin langar Inna don zuba sukurori,
na dafa ƙarfen ƙofa kamar yadda aka ce in yi,
kada wutar jikina ta kashe abin da na zo ceto.

Da na buɗe, ga ajiyar shekaru:
yanar gizo-gizo, fiffiken gina,
da ƙwayar aya guda ɗaya a lungu.
Shi ne ke taunar aya in yana rubutu.
Na daɗe da ita a tafin hannu.

Allon ya fito da ƙyar, kamar haƙori.
Ashe maƙeransa gida ɗaya suka yanka masa:
rami shida gare shi,
sabon akwati ya yarda da huɗu,
biyun suna hararar juna, ba ko gaisuwa.
Wayar wuta ma bakinta daban,
baƙuwa ce da ta zo da harshen garinsu.

Inna na tsinkar zogale a bakin ƙofa.
Ba ta ɗago ba, ta ce:
"Ran da kuka ɗauko ni daga Birni zuwa nan,
gadona bai shiga ɗaki ba
sai da aka rage masa ƙafa.
Ka ɗaure huɗun, biyun za su saba."

Na ɗaure huɗun.
Na goge busasshen man da ke kan ƙwaƙwalwa,
na ɗiga sabo, bai fi ƙwayar dawa ba.
Faifan ajiya kuwa hannu biyu na sa masa,
ciki akwai hotunan sunan Tsahara,
da lissafin bashin siminti da bai gama biya ba,
da dariyarsa, minti ɗaya da rabi.

Ina jona waya ta ƙarshe aka ɗauke kuran.
Muka yi magariba a duhu,
muka yi isha'i.
Da ya dawo na danna maɓalli.

Shiru.

Na sake dannawa. Jakin maƙwabta ne ya amsa.

Tasi'u a waya, bakinsa cike da tuwo:
"Maɓallin sabon gida bai san ta ba.
Nemi allura biyu a gefen allo,
haɗa su da bakin sukundireba, ka ɗauke hannu."
Hannuna na rawa na taɓa.

Fanka ɗaya ta motsa, sauran suka bi,
iska mai sanyi ta shafi gwiwata.
Sunansa ya fito a fuskar gilas,
yana jiran kalmar sirri,
kamar mai gida ya leƙo ya ce wane ne.

Sukuru ɗaya ya ragu a murfin langa,
har yau ban san gurbinsa ba.
Na sa shi cikin gwangwanin shayi tare da ayar.

Tsohon akwatin yana bayan randa.
Kazar Inna ta shiga, ta juya sau biyu,
ta ga daidai da ita ne.
Jiya ƙwai huɗu muka ƙirga.