Naira Hamsin Kowace Waƙa

Ranar Lahadi ce, kasuwar Gujungu ta cika,
na tayar da janareto tun da hantsi,
wayoyi sittin a jere a kan tebur,
kowacce da lambarta a baya.
Sai ga yaro da kati a tafin hannu:
"Zuba min sabon albam ɗin Dayyabu, duka goman."

Dayyabun da muka ja jigo tare
a fadamar baban Hashimu,
shi yana rerawa, ni ina juye guga,
albasa na shan ruwa, kwaɗi na yi masa amshi.
Har yau akwai tabon lauje a dunduniyarsa,
ni na ɗaure ciwon da gefen rigata.

Ya sa wa kundin suna Jigo.
Mutanen birni sun ɗauka jigon zance ne,
suna ta fashin baƙi a gidajen rediyo.
Mu da muka san nauyin icen a kafaɗa
dariya kawai muka yi.

An ce ranar farko dubu ɗari suka saurara,
kafin Juma'a an daina ƙirgawa da dubbai.
An ce har a Yamai da Kumasi
masu shayi sun haddace waƙa ta huɗu.
Ni dai abin da na ƙirga da hannuna:
kati ɗari biyu da sha bakwai kafin la'asar,
naira hamsin kowace waƙa,
wanda ya sayi goma in bar masa ɗaya gyara.

Mai awon riɗi ya saya. Dillalin awaki ya saya.
Malam Zubairu, mai cewa kiɗa ɓata lokaci ne,
ya aiko ƙaninsa da wayar matarsa.
Motar Haɗeja ta tsaya shan mai,
direba ya leƙo: "Akwai ta bakwai ɗin nan?"
Ta bakwai ce mai sunan kakarsa, Iya Tabawa,
wadda ta sayar da tunkiya ya samu kuɗin motar Kano,
ta rasu saura wata uku kundin ya fito.

Ko kwabo cikin kuɗin nan ba ya isa gare shi.
Na sani. Da tsakar dare na sauko da su
a tudun makaranta, inda sabis ke kamawa,
sauro na cizo, data na ƙonewa.
Da ribar Jigo na sauya batirin sola,
na biya bashin taki, na sai wa Ladiyo atamfa.
Sata ce? Na tambayi kaina a hanyar gida,
babur ya faɗa rami, tambayar ta zube.

Daren Talata waya ta yi ƙara.
Lamba baƙuwa, muryar kuwa ta gida.
"Mudi, an ce kai ne kamfanina na ƙauye."
Bakina ya ƙafe kamar rijiya da bazara.
Ya yi dariyar nan tasa mai shaƙewa,
ya ce, "Nawa kake sayar da ni?"
Na ce hamsin.
Ya ce, "Haba, ko ƙosan Uwale ya fi ni daraja."

Sai ya yi ƙasa da murya:
"Inna ta ji?"
Na ce ta ji. Da ƙafarta ta zo, da lulluɓi har ido,
ta kwance ɗari biyar daga bakin zane.
Na ƙi karɓa, ta ajiye a kan tebur, ta ce
ɗanta ba kayan sadaka ba ne.

Shiru. Can ta wajensa ina jin hon na motoci,
wani na kiransa da sunan da ba mu muka raɗa ba.
Ya ce zai zo da kaka, in aiki ya lafa.
Bara ma haka ya ce.

Ɗari biyar ɗin tana nan cikin gwangwanin madara,
ban taɓa ta ba, don ban san mai ita ba.
Jigon fadama kuwa gara ta cinye shi,
injin ban ruwa ne ke kuka a wurin yanzu,
ba ya barin kowa ya ji muryar ɗan'uwansa.