Ƙamshin Hadari a Bakin Mai Ƙaho

Shekara arba'in da ɗaya ina busa ƙaho
a dandalin Cienfuegos, daren Asabar,
inda iskar teku ke lasar tagulla
har ta bar mata tsanwa.
Ban taɓa tambayar abin da sautin ke jingina da shi ba.
Leɓe, na ce. Huhu, na ce.
Ashe haƙora huɗu ne na gaba,
su kuwa dasashi ke riƙe da su,
shiru, ba ya neman tafi.

Wata safiya na kurkure baki, na ga ja a kwano.
Na ce gwaiba ce.
Wata uku ina ɗora wa gwaiba laifi,
har daren da na haura sautin sama
haƙori ɗaya ya taya masu rawa rawa.

Dakta Yanelis Carbonell ba ta fara da bakina ba.
Ta tambayi barcina,
cokali nawa nake zuba wa gahawa,
sigari nawa kafin rana ta faɗi,
wa ke dafa mini wake tun rasuwar Ofelia.
Na ce, Likita, baki na kawo.
Ta ce, Shi kaɗai ya hau bas ya zo?

Ta zura ɗan ƙarfe tsakanin nama da ƙashi
tana kiran lambobi: shida, biyar, bakwai,
yarinyarta na rubutawa
kamar bashin da na ci na manta.
Sannan ta kankare.
Na san wannan ƙara: haka ake kankare cikin jirgi
idan an fito da shi kan tudu.
Na damƙe kujera, na ƙirga fankar sama.

Bayan haka ta jawo wani ɗan akwati mai gurnani
da siririn bututu, ta ce, Iskar ozon ce.
Kada ka shaƙa. Ba ta huhu ba ce.
Ta hura ta cikin ramukan da na haƙa da sakacina.

Sai ga ƙamshin.
Ba na asibiti ba, na sama ne
lokacin da walƙiya ta tsaga ta.
Ga ni ɗan shekara bakwai a gonar rake ta Cruces,
uwata na gudu tana kwashe shanya,
tana kiran sunana, Eusebio, shiga ciki!
ni kuwa na buɗe baki ina jiran ɗigon farko.
Yau ma bakin a buɗe yake.
Hawaye ya gangara cikin kunnena.
Ta ce, Zafi? Na girgiza kai.

Da na tashi na ce, To, an kashe cutar ke nan.
Ta cire safar hannu tana dariya.
Wannan 'yar rakiya ce, in ji ta,
ba ita ce mai tafiyar ba.
Masana ma ba su gama gardama a kanta ba.
Tafiyar taka ce: buroshi, zare, safe da dare,
da wannan tabar da ke leƙowa daga aljihunka.

Na bar mata tabar a kan tebur.
Na sayi wata a hanya, ba zan ɓoye ba.
Amma ta kwana uku ban kunna ba,
ta huɗu na ba mai gadi.

Mako shida, lambobin suka sauko:
huɗu, huɗu, biyar.
Ƙashin da ya zaizaye bai dawo ba,
ta gaya mini hakan ido cikin ido.

Yanzu sautin sama na bar wa Dayron,
yaro ne, dasashinsa kamar tsokar kankana.
Ni ina ƙasa, inda ƙaho ke magana a hankali.
In hadari ya taso daga bakin teku
kowa na naɗe kujeru yana gudu,
ni nakan ɗan tsaya
in taɓa haƙoran nan huɗu da harshe,
in ƙirga su.