Mudu Bakwai

Da asuba tirela ta tsaya a Dawanau,
aka ce 'yan dako ku taso.
Na gyara gammo, na ba buhu baya.
Gero ne, na sani tun ba a kwance bakinsa ba,
ƙamshinsa ya riga shi isowa
kamar baƙon da ya san ƙofar gida.

Buhu arba'in na sauke kafin hantsi,
ba ko ɗaya da zai kwana a tukunyarmu.
Mai kaya na lissafi da waya a kunne,
yana cewa Ikko, yana cewa Maraɗi,
ni kuwa idona na kan tsabar da ke zuba
ta inda ƙugiya ta huda.

Kada gammo ya ruɗe ka, ni ma manomi ne.
Gonata na can fadama, gabas da Haɗeja,
ƙasa baƙa wuluk mai riƙe ƙafa,
wadda tsohona ke cewa ko tsinke ka soka sai ya yi ganye.
Sai kacalla ta shaƙe wa kogi wuya,
ruwa ya rasa hanya, ya biyo ta shinkafata,
ya kwana tara bai yi sallama ba.
Ɗan abin da ya tsira a tudu, jan-baki ya sauka a kai.
Muka kaɗa gwangwani har hannu ya sage,
tsuntsu ya tashi da ƙoshi,
muka tashi da zangarniya fayau.

Akwai Ja'e, da ke sauka gonata bayan girbi,
shanunsa su ci kara su bar mini taki,
matarsa ta zuba wa Tabawa nono, ta auni dawa.
Bana ya zo, ba kara, ba dawa.
Muka zauna a gindin giginya har la'asar
ba wanda ya iya buɗe baki.
Shekaranjiya na gan shi a bakin Abbatuwa
da igiya a hannu, ba komai a ƙarshenta.
Ya sayar da baƙar nan mai farin goshi.
Ya ƙirga kuɗin sau uku,
ya rasa aljihun da zai ɗauke su.

In magariba ta yi, kasuwa ta watse,
nakan ari tsintsiya wurin mai shayi,
in bi sawun motoci a durƙushe.
In tankaɗe yashi, in tsince tsakuwa,
in fid da zaren buhu da kashin ɓera.
Sati uku, mudu bakwai.
Geron Gashuwa ne, da dawar Funtuwa,
da wake ƙwaya-ƙwaya da ban san garinsu ba.

Na ƙulle a tsohuwar riga na kai 'Yankaba,
na ce Ashiru direba, ka ce wa Tabawa
su ci biyar, ta ɓoye biyu saboda iri.

Ran Laraba ya dawo yana girgiza kai.
Ya ce matarka ba ta jin magana.
Biyu ta daka, biyar ta zuba a tulu,
ta barbaɗa toka, ta liƙe baki da laka.
Ta ce tafasa da zogale ba su ƙare ba tukuna,
ta ce yara sun iya kama tarwaɗa,
ta ce ruwa ya fara ja da baya,
in ka ga Ja'e ka ce masa giginyar na nan.

Na tsaya a tashar, hayaƙi na shiga idona.
Wani ya ce mai gammo, zo ɗauki wannan.
Na sunkuya.
Buhun ya hau, da nauyinsa na kullum,
amma ƙafata ta riga ta fara auna kunya,
taku ɗaya, rami ɗaya, ƙwaya uku,
tun daga nan har bakin mota.