Teku a Cikin Baho

A Tabalak, bayan ma'aikatar ruwa,
nake haɗa teku da hannuna.
Ruwan tabki bokiti bakwai, a tace sau biyu,
gishirin Bilma awo uku da ɗan lauye,
in motsa da muciyar da na aro wurin innata
wadda har yau take zaton tuwo nake koyo.

Ban taɓa ganin teku ba.
Ƴaƴan jatan landen nan ma ba su taɓa gani ba,
amma jikinsu ya san ɗanɗanonta.
Hana su gishiri, kwana biyar ka tarar da su
sun kwanta fari fat a gindin baho
kamar tsakin shinkafa.

A bango akwai hoton babban yayansu na bakin teku,
mai hannu kamar awartakin maƙeri.
An ce can ma masu farin kaya
suna kwana gaban baho kamar ni,
suna ƙirga gawa da cokali.

Shugaba ya zo daga Yamai ranar Laraba,
bai ko kashe mota ba.
Ya ce kuɗin bincike na bana
ba su ɗaukar tambaya biyu.
Ki zaɓi ɗaya, Tsahara, ki rubuto kafin Asabar.

Ɗaya?

To, me za su ci a makon farko,
tunda abincinsu a gwangwani yake zuwa ta jirgi,
gwangwani guda kuɗin tunkiya?
Na gwada gwaiduwar ƙwai da garin kifi,
ruwa ya yi wari, rabi suka tafi.

Ko in tambayi dalilin da ya sa
in ɗaya ya tuɓe riga don ya girma,
yana tsirara, jiki laushi kamar kitse,
ɗan'uwansa na jini ke fara cin shi?
Na zuba musu guntayen tiyo su ɓuya,
an rage cin, ba a daina ba.

Ga daren da wuta ta ɗauke,
kumfar iska ta tsaya cik a baho shida.
Ni da Nomau mai gadi, da famfon keke,
muna karɓa-karɓa har asalatu.
Wannan ma tambaya ce, hannuna ya shaida.

Ina cikin wannan lissafi Arzika ya leƙo,
masunci, koma a kafaɗa, sanye da rigar da ta sha ruwa.
Bai yi doguwar gaisuwa ba.
Ya ce dubu huɗun da kika saki bara gefen kainuwa,
muka yi tafi, aka ɗauki hoto,
suna ina?
Tarwada ta ci? Zalɓe ya tsince?
Ko suna nan ƙasa suna yi mana dariya?
Komata dai ba ta gan su ba.

Na buɗe baki, babu lamba a ciki.
Na san nauyin gishiri, na san zafin ruwa safe da yamma,
amma daga bakin tabki zuwa ciki
jahila ce ni.
Kuma ta yaya za ka yi wa halitta shaida
alhali duk wata tana yar da fatarta?

Ita na rubuta. Layi uku, ba ado.

Da sassafen Asabar sai ga ƙaramar ƴar Arzika
riƙe da gwangwanin tumatir.
Ciki wata guda, tsawon yatsa,
ƙwai jingim a ƙarƙashin cikinta, ruwan goro.
Ta ce Baba ya ce a tambaye ki, taki ce?

Na duba ta gaba, na duba ta baya.
Ban sani ba.
Na wanke baho na bakwai,
na ɗauko muciya.