Abin da Ruwa Ya Bari

Inna ta ce, "Wai digirin na biyu a kan me?"
Na ce, gyaran hoto.
Ta ce, "Hoton ne ba shi da lafiya?"
Dariya na yi, ban amsa ba,
alhali kowace safiya safar hannu nake sawa
kamar mai shiga ɗakin tiyata.

Ɗakin aikinmu ba taga.
Rana abokiyar gaba ce a nan, gumin yatsa ma haka,
ko numfashi za ki yi sai kin kau da kai.
Tun makon farko Dakta Tabawa ta rubuta a allo:
duk abin da kika liƙa, a iya ɓamɓare shi bayanki.
Na kwafa, ban gane ba.

Wata uku ina dama sitacin alkama,
ina tace shi kamar kamu,
ina koyon bambanta cin gara da cin kyankyaso,
fumfuna mai rai da wadda ta mutu ta bar tabo.
Ashe fuskar mutum a takarda
ƙurar azurfa ce kwance cikin jelatin,
azurfa kuwa tana gajiya.
In aka ɗauke wuta a tsakiyar Agusta
na'urar tsotse danshi ta yi tsit,
mu ma tsit, muna kallon ma'auni yana hawa.

Sai ga Baba Barau,
tsohon ma'aikacin masaƙar Kakuri,
da firam naɗe cikin guntun atamfa.
Shekarar da kogi ya shigo masa har kan gado
hoton ya manne da gilashi.
Samari bakwai a ƙofar masaƙa,
an tara suma, wando mai faɗin ƙafa.
Na uku daga hagu, ruwa ya cinye shi
daga hanci zuwa sama.

"Ishaya ke nan," in ji shi.
"Kwano ɗaya muka ci shekara tara,
tun gada ba ta zama iyaka ba.
Ki mayar masa da idanunsa, 'yata,
ni zan faɗa miki yadda suke."

Kwana goma sha ɗaya ina lallashin takarda
ta saki gilashi.
Matsefata a dama, numfashi a riƙe,
ba na wuce faɗin farce a wuni.
A kwamfuta, kafin shayi ya huce
zan iya aro masa idon wani,
har da gira, har da ƙyalli.
Daren Laraba na gwada.
Wani kyakkyawan baƙo ya dube ni
daga wuyan rigar Ishaya.
Na goge shi, na wanke hannu sau biyu.

Gurbin na cike da takarda zalla,
na rina ta kalar ƙasa-ƙasa
don kada ta yi wa sauran ihu.

Da Baba ya dawo ya daɗe a tsaye.
Ya miƙa yatsa, na riƙe masa hannu,
ya ce afuwan, ni ma na ce afuwan.
Can ya sunkuya: "Ga wushiryarsa nan.
Da dauɗa ta rufe ta."
Ya ja kujera ba wanda ya ba shi.

Na ɗauko katin bayani da fensir.
Idanu ƙanana, in ji mai hoton.
Na hagu yana lumshewa in zai yi maguɗi a dara.
Jajaye ne ranar albashi, saboda aikin dare.
Kati ya cika, na juya bayansa.

Da yamma Inna ta ce, "Ya mai jikin?"
Na ce bai warke ba, ciwon dai ya tsaya.
Ta gama tsince shinkafarta tsaf,
ta karkaɗe zani,
ta durƙusa tana jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado.