Matashi Ga Wanda Bai Zo Ba

Ƙarfe uku na rana a Umea, duhu ya riga ya sauka.
Gunnel ta taso daga gidan tsohon da take yi wa allura,
tafin hannunta na ƙamshin sabulun asibiti.
Gudunta bai kai talatin ba.
Titin makarantar yara ne,
ta san shi kamar yunwar cikinta.

Sai fam!

Murfin injin ya ɗaga ta baya
yadda saniya ke fara tashi da ƙugu,
wata jaka ta kumbura daga gindin gilashi
ta cinye mata rabin hanya.

Ta take birki. Ta ƙanƙame sitiyari.
Muryar dillalin motar ta dawo mata,
shekara huɗu da suka wuce, yana shafa gilashin da yatsa:
"Wannan jakar ba taki ba ce.
Ta mai tafiya a ƙasa ce,
don kansa ya samu inda zai sauka."

To kan wa?

Ta fita ba ta rufe ƙofa ba.
Ta durƙusa, sanyi ya ratsa wandonta har ƙashi,
ta haska ƙarƙashin mota da fitilar waya
tana neman jar hula, ko warin takalmi,
ko 'yar safar hannu mai igiya.
Ta ce, "Akwai mutum?"
Ta sake faɗa, muryar ta ƙi fita.

Ba kowa.
Dunƙulen ƙanƙara ne, baƙi ƙirin da laka,
wanda ya faɗo daga bayan tayar tirela,
ya rabe biyu a gaban bamba.
Ta ɗauki rabi ta juya shi a hannu
kamar za ta tambaye shi sunan uwarsa.
A bayanta jakar tana sacewa a hankali,
tana huci irin na wanda ya sha gudu a banza.

Washegari a gareji, Torvald makanike
ya goge hannu da tsumma, bai ko yi mamaki ba.
"Abin da ke cikin bamba ba shi da ido,
nauyi kawai yake ji.
Wancan makon zomo ne.
Kafin shi, ramin titi ta wajen gada.
Bai san gwiwa ba, bai san ƙanƙara ba,
kuma ba a ba shi lokacin tambaya."
Ya rubuta kuɗin a bayan ambulan:
krona dubu ashirin da takwas.
Inshora ta ce za ta duba.

Gunnel ta ji zafin kuɗin, ba ta ɓoye ba.
Tafiyar da ta shirya zuwa wajen 'yarta a Malmo
ta narke nan take a kan teburin Torvald.
Ta zagi tirela, ta zagi wanda ya ƙera motar,
ta zagi hunturu tun daga farkonsa.
Wanda maciji ya sara shi ke gudun tsumma,
wannan mota kuwa, wa ya taɓa saranta?

Amma da za ta tafi sai ta ce,
"Tsohuwar jakar, kada ka jefar. Ba ni."

Da dare ta shimfiɗa ta a teburin kicin.
Tana warin albarushi da roba.
Ta bi ta da ido daga ɗinki zuwa ɗinki:
ba gashi, ba jini,
ba ko shatin kunne.
An yi shimfiɗa, baƙo bai zo ba.
Ta ɗora kumatunta a kai, ta ji kaushin yadin.
Shayinta ya huce a gefe.

Da safe ta hau bas mai lamba tara.
Da suka zo daidai makarantar
ta share raɓar taga da hannun riga,
tana ƙirga huluna a bakin ƙofa:
shuɗiya, ruwan ɗorawa, ja, wata ja,
har bas ya sha kwana
ba ta gama ba.