Gayyar da Ban San Manomanta Ba

Shekara goma sha ɗaya ina Jekadafari,
shago ɗaya, benci ɗaya, fanka mai tari,
ina buga wa jama'a takardar rantsuwa,
ta haya, ta neman aiki,
ni da tsohuwar kwamfuta.

Ta tsufa. In na kunna ta da hantsi
sai in je in sha koko wurin Adda Dija,
in dawo in tarar tana miƙa,
ga saƙo a kusurwa kullum
wai manhajar cikinta kayan sata.
Ni da ban taɓa ɗaukar allurar wani ba!

Babayo, ɗan ƙanwata, ya zo hutu daga Kashere
da filashi bai fi ƙwallon dabino ba.
Ya ce, "Kawu, akwai wata, Linuks,
ba a sayenta, kyauta."

Na ce wa ya yi ta? Ya ce mutane.
Su wa? Ya ce ko'ina suke,
kowa ya zo da fartanyarsa,
ya ja kunya ɗaya ya wuce.
Na ce to ai gayya ke nan.
Amma gayya ba tuwo ba fura,
wa ya taɓa jin irinta?

Ranar farko ta tashi
kafin in gama goge tabarau.
Ga ƙa, ga ɗa, ga ɓa, kowace da lanƙwasarta.
Shekara nawa ina buga baki
alhali baƙi nake son rubutawa?
Ɗahiru ya karɓi takardarsa,
ya daɗe yana duban sunansa kafin ya fita.

Ranar uku Babayo ya hau mota.
Ranar huɗu firinta ta shiga yajin aiki.

Ga Jauro Manu daga Kwami a kan benci,
sunan manoma sittin masu jiran taki,
yana so kafin azahar.
Suna nan reras a fuskar gilashi,
takarda kuwa fara fat.
Rijiya ta bayar, guga ya hana.
Na danna, na sake, na lallaɓa,
na cire waya na hura mata.

Na kira yaron.
"Kawu, buɗe baƙin allon nan. Rubuta sudo."
Na ce su Do kuma? 'Yan wane gida ne?
Yana dariya, katina yana ƙonewa.
Ta nemi kalmar sirri, na buga,
ko ɗigo bai fito ba.
"Haka take, Kawu, tana gani."
Na manta tazara ɗaya tsakanin kalma biyu,
ta mayar mini da Turanci layi tara,
ba wanda na iya fassara ko na karanta.

Jauro ya naɗe takardunsa,
ya tsallaka shagon Bappa Usmanu.
Ban ce komai ba. Na bi shi da ido
har labulen ya rufe bayansa.

Bayan la'asar, ba kowa,
sai na ji gurnani.
Sunan manoma sittin, sau bakwai,
duk dannawar da na yi ta riƙe,
ba ta yafe ko ɗaya ba,
sai da ta cinye rabin rim ta huta.

Yanzu wata biyar.
Ina da ɗan littafi a aljihun tebur
inda na kwafe su Do da danginsu
kamar laƙanin kunama.
Masu shago suna tambaya, da sauƙi?
Nakan ce kamar sauya gida ne:
ɗakin ya fi faɗi, ba kuɗin haya,
amma da dare hannunka
bangon da ya saba yake lalube
yana neman makunnin wuta.

Wanda ya ja kunyar da na samu ƙa,
ban san garinsa ba, ban san yarensa ba.
Yana bina ƙwarya guda ta fura.

Adda Dija ce kawai ke ƙorafi.
Ta ce tun da baƙuwar nan ta zo
na daina zama a rumfarta.